In Giya Ta Ƙi Shiga: Ƙaddara Ce Ko Wayar Kuloci?

Duk wanda ya daɗe a kan babur ya san yadda giya take fara gardama. Ka matse kuloci ka taka lamba ɗaya, sai ka ji ƙwas, babur ya ɗan zabura gaba alhali hannunka bai saki ba. Ko ka tsaya a danja kana ta laluben firi da ƙafa ta ƙi samuwa, sai ka kashe inji sannan ta shiga salin-alin. Ko kuma kana hawan tudu da buhu biyu a baya, giya ta fice da kanta, inji ya yi ta kururuwa babu tafiya. Amsa biyu aka fi ji a irin wannan hali. Mai babur yakan ce babur ya tsufa, haka Allah Ya so, ya ci gaba da lallaɓawa har ranar da abin zai tsaya cak. Bakanike kuwa, tun kafin ya taɓa komai, yakan girgiza kai ya ce, "Oga, wannan sai an sauke inji." A ganina waɗannan amsoshi biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, domin kowaccensu hanya ce ta kauce wa tambayar da ta kamata a yi, wato mene ne ya jawo wannan? Abin da nake son kafawa a nan shi ne, neman sababin abin da ya lalace aiki ne da imani da ƙaddara yake buƙata, kuma wanda ya rufe bakin bincike da sunan ƙaddara ya ajiye magana ta gaskiya a wurin da ba nata ba.

Tambaya biyu ce ake cakuɗawa. Ta farko: da ikon wa abin ya faru? Ta biyu: ta wace hanya ya faru? Musulmi ba shi da ja a kan amsar ta farko, ba abin da ke motsi ko ya tsaya sai da sanin Allah da nufinSa. Sai dai wannan amsa, saboda girmanta, ta hau kan komai daidai wa daida. Babur ɗin da giyarsa ke shiga lafiya da ƙaddara yake tafiya, wanda tasa ta maƙale shi ma da ƙaddara ya maƙale. Abin da ya zama gaskiya ga lafiyayye da lalatacce baki ɗaya ba zai iya gaya maka abin da ya raba su ba, kuma abin da ya raba su ɗin shi ne ake biyan bakanike ya gano. Wanda aka tambaye shi dalilin da ya sa giya ke ficewa ya ce ikon Allah ne bai yi ƙarya ba, amma bai amsa tambayar da aka yi masa ba. Ya ɗauko amsar tauhidi ya miƙa wa mai neman sifana.

Domin kada maganar ta tsaya a sama, bari mu leƙa cikin ƙarfen. A ƙananan baburan da suka cika hanyoyinmu, irin su Bajaj Boxer da TVS da Haojue, ƙarfin inji yana bi ta kuloci ya shiga gidan giya, daga nan sarƙa ta kai shi ga tayar baya. Kulocin nan tarin faya-fayai ne, waɗanda makanikai ke kira filet, wasu na ƙarfe zalla wasu masu shafi, sifirin yana matse su wuri ɗaya, kuma suna jiƙe cikin baƙin man da ke yi wa inji aiki. In ka matse hannun kuloci, waya ce take jan su su rabu, sai ƙarfin inji ya daina isa gidan giya. To idan wayar ta saki da yawa, komai matsawarka faya-fayan ba za su gama rabuwa ba. Inji zai ci gaba da ɗan jan giya, shi ya sa babur ke zabura, shi ya sa firi ke wuya muddin inji na aiki, ta kuma zo da sauƙi da zarar an kashe shi. In kuwa an ɗaure wayar tamau ba a bar mata wasa ba, faya-fayan ba za su gama kamawa ba, sai kuloci ya riƙa sulɓewa: ka murɗa totur inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, har faya-fayan su ƙone. Littattafan da masu ƙera irin waɗannan babura ke haɗowa da su sukan nemi a bar wasa kamar na milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun kuloci. Duba ka gani, waya guda ce, amma sakinta da ɗaurinta kowanne da alamarsa daban, kuma gyaran duka biyun bai wuce juya noti ba.

Haka abin yake a kowane mataki. Fedar giya da ta ƙi dawowa wurinta bayan an taka, yawanci sifirin ɗin da ke mayar da ita ne ya karye. Wadda take lilo ba ta kama komai, sau da yawa notin da ya riƙe ta ne ya kwance, ko haƙoran sandar da take kai sun cinye. Wadda ta yi tauri bayan babur ya faɗi ta gefen hagu, a fara zargin sandar ta lanƙwashe. Baƙin mai da ya daɗe ya yi kauri yakan sa faya-fayai su manne da safe, su saki in inji ya yi zafi. Wasu mayukan mota kuma ana zuba musu sinadarin ƙara santsi wanda ke sa kulocin babur sulɓewa, abin da ya sa Japanawa suka fito da ma'aunin JASO MA da ake bugawa a jikin galan ɗin man babur. Sarƙa in ta saki da yawa takan sa canjin giya ya zo da fizga. Sai an wuce duk waɗannan ne ake isa ga abin da ke can ciki: ƙarafan da ke tura giya gefe da gefe, da dunƙulen ƙarfe mai tsagi da ke juya su, da 'yan ƙusoshin da ke jikin giya waɗanda ke sarƙe ta da 'yar'uwarta. In bakin waɗannan ƙusoshi ya cinye ya yi sumul, sai giya ta riƙa zamewa ta fice idan aka ɗora mata nauyi. Akwai kuma ƙa'ida mai sauƙi da ke raba gida biyu: matsalar da ta shafi dukkan giyoyi, a nemo ta a kuloci ko mai ko feda, wadda ta kafe a kan giya ɗaya tak, ita ce mai nuna ciki. A kafe babur a kan babban jak, a kashe inji, a riƙa juya tayar baya da hannu ana taka giya ɗaya bayan ɗaya. In duk suka shiga lafiya, to mai cewa sai an sauke inji yana da bayanin da zai yi.

Abin lura a cikin wannan dogon bayani shi ne tsari. Alama ba ta zuwa da ka, kowace tana da inda ta fito, kuma abin da ya faru da babur a Gusau shi zai faru da irinsa a Maraɗi in yanayinsu ɗaya. A nan ne mai karatun tauhidi zai ɗaga hannu, kuma ƙorafinsa mai nauyi ne. Zai ce, ai mu a wurinmu sababi ba ya yin tasiri da kansa. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wannan bayani a mas'ala ta 17 ta littafinsa Tahafutul Falasifa da misalin wuta da auduga. Abin da ido ke gani, a cewarsa, shi ne ƙuna tana faruwa a lokacin da wuta ta taɓa auduga. Ido bai ga cewa wutar ce ta ƙaga ƙunar ba. Mai yi shi ne Allah. Wannan fahimta ce ta ratsa zaurukan karatu na ƙasar Hausa ta hanyar littattafan Shehu Muhammad as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, irin su Ummul Barahin da Muƙaddimat. To in waya ba ita ke hana giya shiga ba, in ji mai ƙorafi, me ya sa za a ɗora mata laifi, me ya sa kuma za a zargi wanda ya tsallake ta ya kama sunan Mai yi na haƙiƙa?

Amsar tana cikin littafin da ya ɗauko. Sanusi a Muƙaddimat ya kasa hukunci gida uku, na shari'a da na al'ada da na hankali. Hukuncin al'ada a wurinsa shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu ta hanyar maimaituwa, tare da yarda cewa alaƙar tana iya saɓawa, kuma ɗayan ba shi ke ƙagar ɗayan ba. A lura da kyau, bai ce babu alaƙa ba. Ya tabbatar da ita, ya kuma faɗi hanyar saninta, wato a ga abu ya faru, a sake gani, a sake gani. Wannan kuwa ita ce sana'ar bakanike tun daga farko har ƙarshe. Abin da malamin ya kore shi ne a ce ƙarfe yana da iko na ƙashin kansa; abin da ya bari shi ne cewa Allah Ya gudanar da al'adarSa a kan cewa sakakkiyar waya tana tare da jan kuloci. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar wa Gazali martani da cewa wanda ya kore sababi ya kore ilimi, domin sanin abu shi ne sanin sababinsa. Amma Gazali ya riga ya hango wannan suka. Shi da kansa ya kawo ta da misali mai ban dariya, na mutumin da ya bar littafi a gida yana fargabar kada ya dawo ya tarar ya rikiɗe ya zama doki, sannan ya amsa cewa Allah Yana halitta mana sanin cewa ba zai aikata irin waɗannan ba ko da yake suna yiwuwa, kuma maimaituwar al'ada tana kafa wannan sani a zukata. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya bi wata hanya, ya ce sabubba suna da tasiri na gaske wanda Allah ne Ya halitta shi a cikinsu. Saɓanin nan ba ƙarami ba ne, kuma ba a wannan shafi za a yanke shi ba. Sai dai a bakin gareji dukkansu wuri ɗaya za su nuna maka: duba wayar. Ba ɗaya daga cikinsu da ya bar ƙofar da malalaci zai bi ya fita.

Gazali ma ya fi kowa tsanani a wannan. A babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u Ulumid Din ya kasa sabubba uku: wanda aka tabbatar, da wanda ake kyautata zato, da wanda wahami ne kawai. Game da na farko ya kawo misalin mayunwacin da aka ajiye wa abinci ya ƙi miƙa hannu wai yana tawakkali, ya kuma ce wannan hauka ne, ba shi da haɗi da tawakkali. In aka ɗora babur a kan wannan ma'auni, gidan giya da aka bari babu mai zai ci kansa, wannan yana cikin tabbatattu. Cewa man kaza ya fi dacewa da kulocin kaza, ko sauya mai a kan kari yana tsawaita kwanan inji, wannan zato ne mai ƙarfi da gwaji ya goyi bayansa. Laya da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sit domin kada babur ya lalace kuwa, ko a wane aji aka sa ta, ba ta ɗaure noti. Abin mamaki shi ne yadda mutum ɗaya zai yi wasa da aji na farko, ya riƙe na uku gam, sannan ya kira abin da ya biyo baya ƙaddara. Hadisin barkon dabino da ke cikin Sahihu Muslim ya ƙara haske. Da amfanin dabino ya lalace bayan manoman Madina sun bar barko, wato sanya wa macen dabino furen namiji, Annabi (SAW) ya mayar da lamarin ga sanin da suke da shi na harkar duniyarsu. Ke nan akwai wani fage na ilimi da ake samu ta gwaji da lura, kuma addini da kansa ya amince da masu shi.

Wani zai shigo ta wata ƙofa ya ce, to ai an hana mu cewa "da na yi kaza da kaza bai faru ba", kuma Bahaushe ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Binciken sababi ba shi ne wannan "da" ɗin da aka hana ba? Hadisin gaskiya ne, shi ma yana cikin Muslim, amma a karanta shi daga farkonsa. Ya fara ne da fifita mumini mai ƙarfi, da umarnin a yi kwaɗayin abin da ke da amfani, a nemi taimakon Allah, kada a gaza. Bayan an yi wannan ne, in wani abu ya sami mutum, aka hana shi zama yana cizon yatsa. Abin da aka hana shi ne nadamar da ke cin zuciya a kan abin da ya riga ya wuce. Mai tambayar dalilin ficewar giya ba jiya yake son ya canza ba, gobe yake gyarawa. Malamai kuma sun daɗe da kafa ƙa'ida, a sharhin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa, cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Wanda ya ji giyarsa na ficewa wata da watanni ya share, ranar da ta fice masa yana ƙoƙarin wuce tirela, raunin da ya ji musiba ce, a yi masa jaje a tuna masa da ƙaddara. Sharewar da ya yi kuwa tasa ce, kuma ba a shigar da ita cikin jajen.

Yanzu ga bakanike, wanda laifinsa ya fi ɓoyuwa domin shi da alama aiki yake yi. Akwai salon gyara da ya zama ruwan dare: a canza wannan, in bai yi ba a canza wancan, har a dace. A sa sabon filet, matsala na nan. A sa sabon sifirin, tana nan. A sauke inji a buɗe, a mayar, sannan yaron shago ya lura cewa waya ce ta tsattsinke a cikin rigarta. Mai babur ya biya kuɗin kaya uku da aikin kwana biyu a kan abin da bai kai kuɗin man yini guda ba, a ƙarshe kuma a ce masa, "Alhaji, ka gode wa Allah, an sha fama." Wannan zato ne aka sayar da sunan sani, kuma Alƙur'ani ya yi gargaɗi a fili game da bin abin da mutum ba shi da iliminsa, ya kuma nuna cewa zato ba ya tsayawa a matsayin gaskiya. Fiƙihun da muka gada bai ɗauki lamarin da wasa ba. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a kusan kowane zaure, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka karɓa suka keɓe da su, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Asali wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci, amma Malikiyya suka fitar da masu sana'a daga wannan asali saboda maslahar jama'a, har Shaɗibi ya riƙa kawo shi a matsayin misalin wannan babi. Dalilinsu a bayyane yake: mai kaya ba ya ganin abin da ake yi, kuma in aka bar kowane mai sana'a ya ce abin ya lalace ne da ikon Allah, dukiyar mutane za ta salwanta. Haka nan hadisin da Abu Dawud da wasunsa suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da shi ba. Shari'ar da ta fi kowa imani da ƙaddara ita ce ta ƙi karɓar ƙaddara a matsayin uzuri daga bakin mai sana'a.

Za a iya cewa na matsa wa makanikai, tunda akwai tsofaffin hannu da ke jin ƙarar babur daga nesa su faɗi ciwonsa, ba tare da bin wani mataki ba, kuma su dace. Wannan gaskiya ne, amma ba cinta ba ce. Kunnen nan shekaru ne na maimaituwa suka taru a cikinsa, wato hukuncin al'ada ne da ya nuna har ya daina buƙatar lissafi a fili. Hanyar gane shi kuwa ita ce, in ka tambayi irin wannan gwani me ya sa ya ce kuloci ne, zai gaya maka, ya kuma nuna maka gwajin da zai ƙaryata shi in ya yi kuskure. Mai cinta shi ne wanda in ka tambaye shi dalili sai ransa ya ɓaci, ya ce kai za ka koya masa aikinsa. Kuma ko gwanin, in kunnensa ya ce ciki ne, ba abin da zai rage masa in ya ɓata minti biyar ya duba waya da mai kafin ya kwance noti na farko. Farawa da abu mai araha da sauƙin dubawa kafin mai tsada ba wayon aiki ne kawai ba. Tausayin aljihun mai kaya ne, kuma inji duk lokacin da aka buɗe shi a kan turɓaya, sai an yi sa'a yake komawa yadda yake.

Ƙorafin da ya fi taɓa zuciya shi ne na talauci. Ɗan acaban da ke biyan balas kullum, ko wanda ya ɗauki babur bashi yana biya mako-mako, ya san giyarsa ba lafiya, amma in ya ajiye babur yini ɗaya gidansa ba a ɗora tukunya. Wannan ba jahilcin sababi ne ke damunsa ba, rashin hali ne, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Na yarda da rabin wannan magana. Wanda ya san ciwon ya rasa kuɗin magani yana da uzurin da wanda ya ƙi tambaya ba shi da shi, kuma wani kaso na alhakin yana wuyan mai babur ɗin da ke karɓar balas ba ya ware na gyara. Amma ɗaya rabin yana goyon bayana ne. Talaka ya fi kowa buƙatar a gano ainihin sababi, domin shi ne ba zai iya biyan kuɗin cinta ba. Mafi yawan abin da ke hana giya shiga yana farawa ne daga waje, inda gyara ke da araha, sai an bar shi yake shiga ciki. Kulocin da ke ja, in aka ci gaba da tilasta masa giya da dunduniya, shi ne ke cinye bakin ƙusoshin nan ya lanƙwasa ƙarafan da ke tura su. Abin da juya noti zai warkar a watan Muharram shi ne zai zama sauke inji a watan Rajab.

Saura mutumin da ya yi duk abin da ya kamata. Ya sa mai na gari, ya daidaita waya, ya kai wa gwani, amma filet ɗin da ya saya a cikin kwali mai kyau ashe jabu ne, ko wani ƙarfe ya tsage daga ciki ba tare da ya ba da alama ba. Ga shi nan, in ji mai ja, sababi ya ƙare, ƙaddara ta yi halinta. Ko a nan sababi bai ƙare ba, saninmu ne ya ƙare: jabun kaya akwai wanda ya ƙera shi da wanda ya shigo da shi, kuma tsagewar ƙarfe tana da dalilinta ko da ido bai kai ba. Amma na yarda cewa nan ne maganar ƙaddara take zama daram a mazauninta. Ita ce ke hana wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kashe kansa da zargi, ita ce kuma ke hana gwani ya ɗauka hannunsa ne ke riƙe da duniya. Sanusi bai manta da wannan ba da ya ce al'ada tana iya saɓawa. Bakaniken da ya gama aiki ya ce "in sha Allahu ba za ta sake ba" ya faɗi daidai, matuƙar ya yi aikin. In bai yi ba, ya jingina sakacinsa ne ga sunan Allah, kuma wannan ya fi kama da rashin ladabi fiye da tawakkali.

Mai karatu zai iya ganin an ɗauko manyan littattafai an ɗora wa ƙaramin abu. Ban ga ƙanƙantarsa ba. Ko da gwamnatin Kano ta hana acaba a cikin birni a 2013, wasu garuruwa ma suka yi irin haka, babur bai bar rayuwar mutane ba. A ƙauyuka shi ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke fitar da amfanin gona zuwa bakin titi, kuma a Nijar 'yan kabu-kabu na nan suna aiki. Gazali ya lissafa sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, kamar noma da saƙa da ɗinki, cikin farillan da in wasu suka yi sun ɗauke wa saura. Da wuya a fitar da gyaran abin hawa daga wannan sahu a yau. Sannan akwai wani abu game da gidan giya da ya kamata kowane mahayi ya sani. In inji ya ƙame ana cikin gudu, matse kuloci yana raba shi da tayar baya, babur ya ci gaba da gangarawa har a tsaya. In gidan giya ne ya ƙame, kuloci ba ya ceto, domin giyar tana tsakanin kuloci da taya. Tayar baya za ta tsaya cak a kan kwalta. Fasinjar da ke baya da jariri a goye ba ta ji ƙarar da giyar ta yi makonni tana yi ba, ba a kuma yi shawara da ita ba lokacin da aka yanke a ci gaba da lallaɓawa.

Saboda haka kira na ga malaman da ke wa'azi a tasha da masallatan kasuwa, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaba da na makanikai: in za a karantar da imani da ƙaddara, a haɗa da babin lamunin masu sana'a, domin a littafi ɗaya suke. Kai kuma mai babur, ranar da aka ce maka sai an sauke inji, ka nemi a kafe shi a gabanka, a duba waya da mai da feda, a juya taya a taka giyoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ba da izini.